Kwalbar Melatonin a Ƙyallen Goro

Shekara talatin da ɗaya na yi ina miƙa magani ta taga. Na manta fuskoki da yawa, amma ranar Talatar da Baba Ilu ya jingine kekensa a jikin ɗakin maganinmu ta ƙi fita daga raina. Cikin azumin shekarar 2020 ne, lokacin korona, zafin bazara kamar ya dafa mutum. Ina matsayin babban mataimakin mai harhaɗa magani a wani asibiti a ƙasar Gumel. Ga wanda bai san aikin ba, likita ne ke rubutawa, mu kuma mu duba takarda, mu fitar da magani, mu faɗi yadda ake sha. Abin da babu sa hannun likita a kansa ba ya wuce tagata. Saboda wannan taurin kai abokan aiki suka laƙaba mini Malam Ƙa'ida, ni kuwa har daɗin sunan nake ji.

Tun farkon cutar na kwashe maiɗakina da yara na kai su gidan surukaina a Gagarawa, don kada in kwaso musu wani abu. Na dawo da tabarmata ɗakin ajiyar magani. Nan nake buɗe baki ni kaɗai, da dabino uku da kunun da ya huce a hanya. Mai shayin bakin asibiti ya ware mini kofi daban, yana turo mini shi da tsinin yatsa. Mutanen da muka yi shekaru muna gaisawa hannu da hannu suka koma ɗago mini hannu daga tsallaken titi. Ban ga laifinsu ba, amma abin ya yi mini ciwo, kuma ina jin shi ya ƙara mini zafin baki a kwanakin nan.

A bayan asibiti aka ware wani tsohon ɗaki aka kewaye shi da igiya, nan ake killace masu cutar. Dokarsa uku ce: babu mai jinya, babu masu dubiya, kuma duk abin da ya shiga ba ya fitowa, ƙona shi ake yi. A ƙasar da mutum ɗaya kan kwanta dangi goma su shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, wannan doka ta fi allura zafi. Cikin waɗanda ke ciki akwai wata dattijuwa, Iya Hajara, daga wani ƙauye a bayan Sule Tankarkar. Ga korona, ga ciwon suga, ga hawan jini.

Baba Ilu mijinta ne. Dogo ne siriri, ya ɗaure baki da hanci da gefen rawani. Ya yi sallama, ya zaro wani ƙulli daga aljihu ya ajiye a kan taga. Ƙyalle ne fari da ya koma ja-ja, an ɗinke bakinsa da jan zare. Na kwance, sai ga ƙaramar kwalba, rubutunta duk Faransanci. Kalma ɗaya na iya karantawa: melatonin.

"Likita," in ji shi, don a wurin mutanen ƙauye duk mai farar riga likita ne, "yaron nan ne ya aiko daga Damagaram. An rufe iyaka da shi da motarsa a can. Wani mai babur ya ratso da shi ta daji har Maigatari. An ce yana maganin cutar nan. A miƙa wa mutuniyar."

Na san inda maganar ta fito. A kwanakin nan wani saƙon murya ya cika wayoyi, ana cewa an gano maganin korona. Na gyara tsayuwa na yi masa karatu. Na ce melatonin wani sinadari ne da jikin mutum ke yi da kansa idan duhu ya yi, shi ke kawo barci, kuma masu rashin barci ake ba wa ƙwayarsa. Na ce gaskiya ne wasu masana suna hasashen zai iya rage kumburin da cutar ke jawowa a huhu, ko ya taimaki garkuwar jiki, amma hasashe ne, ba a tabbatar ba. Na ƙara da cewa kwalbar ba ta da lambar rajistar ƙasar nan, kuma likita bai rubuta ba. Na ƙulle na tura masa abinsa.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "To, Allah ya ba da lada." Ya hau kekensa.

Laraba ya dawo, Alhamis ma haka. Tafiyar da babur ke yi ya gaji, shi yana yin ta a keke, da azumi a bakinsa, shekarunsa sun haura saba'in. Kullum ya ajiye ƙullin ya ce a miƙa, kullum in maimaita karatuna. Ranar Alhamis har na ɗaga masa murya. Na ce, "Baba, don Allah ka daina wahalar da kanka da mu. Ko sau ɗari ka zo, amsar ɗaya ce." A raina na yanke cewa wannan tsoho irin mutanen nan ne da waya ta fi likita a wurinsu.

Da la'asar ɗin ranar Sista Rabi, babbar nas ɗin ɗakin killacewa, ta zo karɓar ledojin ƙarin ruwa. Shatin takunkumi ya kwanta a fuskarta. Ta ce Iya Hajara ta juya wa bango fuska, kwana uku ko kunu ta ƙi sha, barci ma ba ta yi.

"Abin da take faɗa ke nan, wai sun yar da ita. Wai shekara arba'in da takwas tana gidan Malam, ko leƙe bai yi ba."

Na ce, "Ai kullum yana nan! Yanzu ma bai daɗe da tafiya ba."

Ta dube ni. "Kuma ka faɗa wa wa?"

Ban faɗa wa kowa ba. Dangi ba sa wuce tagata, tsohuwar ba ta da waya, ni kuwa ban ga wurin da za a rubuta zuwan miji a takardar magani ba. 

Juma'a da hantsi ya iso. Ban bari ya yi magana ba. Na ce, "Baba, akwai saƙon da kake so a faɗa mata?"

Ya sunkuyar da kai kamar na tambaye shi abin kunya. "Saƙon me, ɗana? Ai ga shi nan." Ya turo ƙullin da yatsa biyu.

Sai a lokacin na kalli ƙyallen sosai, na ji ƙamshin goro a jikinsa. Ni ma ɗan ƙauye ne, amma farar riga ta mantar da ni. Dattijo irin Baba Ilu, wanda ko sunan matarsa ba ya kamawa, ɗan farinsa ma sai dai ya ce yaron nan, ba zai taɓa buɗe baki ya ce wa baƙo a gaya mata ina kewarta ba. Mutanenmu abu suke aikawa. Kwana uku ina ba shi amsar tambayar da bai yi ba.

Na ɗauki kwalbar na tafi wurin likita. Ya duba ya girgiza kai. Ya ce da sugarta da magungunan hawan jinin da take sha, ba zai ɗora mata abin da bai san amfaninsa a kan cutar ba, ballantana wanda ya sha rana a kan babur. Na ce, "Ranka ya daɗe, in na juye ƙwayoyin fa?" Ya ce, "Kwalba ba magani ba ce. Ba ta buƙatar sa hannuna."

Ban ɓoye wa Baba Ilu ba. A gabansa na juye ƙwayoyin cikin ambulan, na ce su ba za su shiga ba.

Ya ce, "Likita ya fi mu sani. Ƙyallen dai kada a canza."

Sista Rabi ce ta shigar da ƙullin. Ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta ce tsohuwar ko kallon kwalbar ba ta yi ba. Ƙyallen ta kama ta kai hanci, ta daɗe a haka. Ashe ita ta ɗinka shi, kuma kullum ita ke jiƙa shi ta ƙulle wa Malam goronsa don kada ya bushe. Ta murza shi ta ce, "Ya bushe ƙamas. Ba wanda ya jiƙa masa." Ta nemi ruwa ta jiƙa, ta matse, ta ce a mayar masa. Sista ta ce doka ta hana. Sai tsohuwar ta ninke shi ta sa a ƙarƙashin kumatunta. Ranar ta sha kunu rabin kofi, ta kuma yi barci.

Lahadi da azahar Allah ya karɓi abinsa. Ma'aikata masu rigar kariya ne suka yi mata sutura, Baba Ilu yana tsaye daga bayan igiya. Kayanta kuwa aka ƙona, har da ƙyallen.

Bayan sadakar uku sai ga kekensa a jikin bango. Na fito daga bayan taga, abin da ban taɓa yi wa kowa ba, na yi masa gaisuwa. Ya amsa. Bai tambayi cutar ba, bai tambayi ƙwayoyin ba.

Ya ce, "Ta gane shi?"

Na ce, "Ta gane, Baba. Ta ce ya bushe. Ta jiƙa maka."

Ya ja gefen rawaninsa ya rufe har idanu. Ya daɗe tsaye. Bai hau keken ba, turawa ya yi har ya fita ƙofa.

Ku da kuke bayan taga yanzu, ban ce ku karɓi maganin da likita bai rubuta ba. Duk abin da na faɗa wa Baba Ilu a kan melatonin gaskiya ne, kuma har na ajiye aiki ban ga an sa shi cikin magungunan korona da ake aiko mana ba. Ko yau ya dawo, ƙwayar ba za ta shiga ba. Amma idan mutum ya zo muku sau biyu da magana ɗaya, ku daina maimaita amsa, ku tambaye shi me ya kawo shi. Tambayar ba ta cin minti ɗaya. Ni sai da na kai Juma'a na yi ta, kuma cikin kwana biyar da suka rage wa Iya Hajara a duniya, uku ta yi su tana zaton mijinta ya yar da ita, alhali yana tsaye a tagata.