Jar Kuɓewar Goggo

Goggona, ƙanwar babanmu, sharar asibiti ta yi har bayanta ya lanƙwashe. Ba ta haihu ba, mijin ma bai yi tsawon rai ba. Abin da ta mallaka a duniya wata jar kuɓewa ce gajeruwa da ta gada a wurin kakarmu, tana shuka ta a ɗan filin bayan ɗakinta na haya. Duk damina sai ta zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau ta ɗaura musu tsumma, ba mai taɓawa har su bushe su tsage. Sannan ta ɓare, ta gauraya da toka, ta ɗura a kwalbar magani.

Hannun Goggo a buɗe yake, in dai ba maganar iri aka yi ba. Za ta cika miki kwano da ɗanyar kuɓewa, amma ƙwaya ɗaya ta iri, sai dai wata ba ita ba. Matar tela ta roƙa har ta gaji. Ni ma na roƙa.

"Ke da ko kaza ba ki iya riƙewa ba?" in ji ta. "Ku shuka min ita kusa da ta kanti ta gurɓace? A'a, 'yar nan."

Da mai gidan ya sayar da filin aka malala siminti, yayana ya ɗauke ta zuwa gidansa a hawa na uku. Muka ce ta shuka a bokiti, ta ce kuɓewar uwarta ta fi ƙarfin bokiti. Ta cusa kwalbar a ƙasan akwati tana jiran fili, shekaru suna ta wucewa. Har yau haushinta nake ji da tausayinta, ban san wanda ya fi yawa ba.

Bara na samu gida mai tsakar gida, na je na ɗauko ta. Ranar har waƙa ta yi a mota. Kafin shuka ta sa na kawo ruwa a kwano ta gwada: iri mai rai nutsewa yake, matacce ya taso. Ta juye kwalbar gaba ɗaya. Duk suka taso. Ta sa yatsa tana danna su ƙasa, suna dawowa sama.

Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ke, cikin masu roƙona, ba wanda ya taɓa sata ko kaɗan?"

Babu. Duk tsoronta muke ji.