Tantin Yallaɓai da Baƙin Ruwa

Cikin duk shekarun da na yi ina tuƙa jirgin ruwan ofishinmu a Yelwa, ranar da ba na mantawa ita ce wata Alhamis ta watan Janairu, ranar da ruwa ya kai wa sabon shugabanmu gaisuwa har cikin ɗaki. Ku da kuka zo daga baya ba ku san shi ba, don haka Yallaɓai kawai zan ce.

A lokacin ina mataki na huɗu. Al'adar ofis ce duk sanyi ma'aikata su fita sansani na kwana uku a gindin wani dutse, wajen Ngaski, a kafa tantuna, a hau dutse, a gasa kifi, a huta da fayil. Ni ke kai mutane, kuma ni ke zaɓen wurin kwana.

Yallaɓai daga can arewa aka turo mana shi, inda gulbi ke ƙafewa da an gama girbi. Muna sauka ranar Talata ya hango wani farin rairayi shimfiɗe kamar tabarma, taku ashirin daga ruwa, ya ce nan za a kafa masa nasa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ruwa na tahe. Mu hau tudu."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. "A Janairu? Wane hadari ka gani? Ɗanjuma, ka ƙara yi mini maganar ruwa, ka ajiye makullin jirgi ka koma gadin ƙofa."

Malam Bawa akawu ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa ba wasa ba ne. Takardar canjin tana cikin jakar Yallaɓai, sa hannu kawai ya rage, wai tun a ofis ya ce na cika musu. Shekara goma sha tara ina kan ruwa, ban san yadda ake wuni a kan benci ba.

Ga wanda bai sani ba, ruwanmu zuwa biyu yake yi. Akwai farin ruwa na damina, sannan akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga ƙasashe masu nisa, sai tsakiyar sanyi yake isowa, ba hadari ba tsawa. Shi ya sa duk inda muka sauka sai mu kafa sanda a bakin ruwa, mu duba ta safe da yamma mu ga ko ruwa ya hau.

Na kafa masa tanti daidai inda ya nuna, har da share rairayi. Na kafa sandata. Yallaɓai ya ga sanda a tsaye, ya shanya safarsa a kai.

Laraba da safe muka ji shi yana faɗa: "Wane ne ya matsar mini da sanda cikin ruwa?" Kowa ya sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa don dariya. Na shiga na ciro masa safa, na sake kafa sandar a gaba, ban ce uffan ba. An hana ni.

Alhamis da safe saura taku huɗu, ga iska na turo igiyar ruwa. Ranar ce ta hawan dutse, sai azahar za a sauko. Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe tsaye ina kallon jakar nan, zuciya na cewa in bar ruwa ya yi mini aiki. Daga baya na ɗauke ta na kai tudu. Katifa da bargo da takalmin zuwa ofis kuwa, na bar su su ga yadda za a yi.

Muna ƙolin dutse Yallaɓai na ɗaukar hoto da waya, sai ya tsaya. "Wane sakarai ne ya kafa tanti cikin ruwa?"

Malam Bawa ya kama tari. Yallaɓai ya juyo gare ni.

Na ce, "Ranka shi daɗe, an hana ni maganar ruwa."

Ban taɓa ganin mai tumbi ya sauka dutse da sauri haka ba. Muka tarar katifa ta sha ta ƙoshi, takalmi ɗaya ya kama hanyar Kainji. Yana ta kiran jakarsa, don maganinsa na hawan jini na ciki. Na miƙa masa ita a bushe.

Ya buɗe, ya dube ni. "Ka san abin da ke ciki?"

"Na sani."

"Me ya hana ka bar ta?"

"Cikin jirgina taz zo, ranka shi daɗe. Abin da niɗ ɗauko ban bari ruwa shi ci."

"To takalmina fa?"

"Shi ga ƙahwarka yaz zo."

Ya yi ta jujjuya jakar har na fara ban kwana da makulli a raina. Can ya matsa inda ake fama da hura wuta, yana rawar sanyi, ya zaro takardar canjin ya murɗe ta.

"Itacen nan ɗanye ne. Ungo, kunna da wannan, ka dafa mini shayi."

Abin da na koya shi ne, babba na iya hana ka magana, amma ba ya hana ka kafa sanda, kuma duk haushin da kake ji ba ka barin ruwa ya taɓa amanar da ka ɗauko. Shekara huɗu muka ƙara yi tare. Duk inda muka sauka, kafin ya cire rigar hana nutsewa sai ya ce, "Ɗanjuma, ina sandarmu?"