Asusun da Ya Yi Barci

Duk wanda ya taɓa karɓar magani a tagar ƙaramin asibitin bayan tasha ya san Shiru. Za ta miƙo maka ƙwayoyinka a 'yar leda, ta nuna maka ƙa'idar sha, ta ce "Allah ya ƙara sauƙi," shi ke nan hirar ta ƙare. Abokan aikinta kan tsokane ta wai bankinta ya fi gidan surukai nisa, don sai ta hau mota biyu take kaiwa. Murmushi kawai take yi.

'Yan biyu ne su. Kakarsu ce ta laƙaba musu suna, ɗaya Shiru ɗaya Rediyo, saboda da baki kaɗai ake bambanta su. Babansu tela ne, amma har ya bar duniya mutum ɗaya yake aunawa ya ɗinka riga biyu. Rediyo ce ta fara cin jarrabawa ta tafi kwalejin kiwon lafiya, ta bar Shiru tana taya mahaifiyarsu, Inna, sayar da ƙanƙara a gida. Ba ta cika shekara a can ba zazzaɓi ya kayar da ita. Aka dawo da ita gida, ba ta tashi ba.

Da shekara ta zagayo Shiru ta samu gurbi, kuma a kwalejin nan dai. Ranar da ta shiga ɗakin kwanan ɗalibai, wata ta yi ido biyu da ita a matakala, ta saki bokitin ruwa tana salati. Mai sayar da abinci kuwa sai ta kawar da kai take zuba mata.

Makaranta ta ce tallafin karatu ta banki kawai ake biya. Yayansu, direban babbar mota, shi ma ya gaji da ba wa mutane saƙon kuɗi su kai mata. Abokiyar ɗakinta, wadda ake kira Lauya don ba a cin ta a gardama, ta zaunar da ita.

"Ke, kar ki wahalar da kanki. A bankin bakin ƙofar makaranta za ki buɗe asusu. Ba sa cirar wa ɗalibi komai a wata, ga na'urar cire kuɗinsu a jikin laburare. Ko takardu ba sa tarawa, fuskarki kawai za su ɗauka."

Washegari Shiru ta je. Ɗaki ne mai sanyi, da kujerun ƙarfe a jere da wani agogo da ya tsaya. Ma'aikaciyar, wata mai tsohon ciki da ta tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur, ta juyo da 'yar kyamara ta ce ta kalli nan. Sai ta yi dariya.

"Haba 'yar'uwa, ai kina da asusu a wurinmu. Me muka yi miki kika guje mu?"

Ta karkato mata fuskar kwamfutar. Rediyo ce a ciki. Hoto ne da babu wanda ya taɓa gani a gidansu. Kuma gyalen da ke kanta na Shiru ne, ruwan toka mai ɗigon fari, wanda ta neme shi ta rasa har ta yi mako ba ta kula Rediyo, ita kuwa tana rantsuwa ba ta gan shi ba.

"Barci kawai ya yi," in ji ma'aikaciyar. "Ki sa hannu yanzu mu tashe shi."

Shiru ta miƙe. Ta ɗauki jakarta ta fice, matar tana kiran ta da sunan 'yar'uwarta har bakin ƙofa.

Ranar ta shiga gari tana bin bankuna da tambaya ɗaya: da fuska kuke ganewa ko da yatsa? Can bayan kasuwar katako ta samu wani tsohon reshe mai fanka da dogon layi, inda babban yatsa ake dangwalawa. Ta ɗora nata. Na'urar ta yi ɗan jim, ba ta kawo kowa ba. Nan ta buɗe.

Lauya ta yi faɗa har ta gaji. "Ga banki a hancinki, ke sai kin biya kuɗin mota!" Shiru ba ta yi mata bayani ba. Idan za ta fita makaranta, ta ƙaramar ƙofa take zagayawa, don kalmar matar ba ta bar kunnenta ba. Tana cikin aji, tana wanki, sai ta ji ta: mu tashe shi. Wani lokaci ta ji kamar ta koma ta sake kallon hoton, ta kai har inuwar ginin, ta juyo.

Sai a shekarar ƙarshe ta faɗa wa Yaya. Ya ajiye mota ya zo da takardar shaidar rasuwa, suka shiga bankin bakin ƙofar tare. Ma'aikaciyar na nan. Da ta karanta takardar ta dubi Shiru, ta dafe baki.

"Wayyo, ki yafe ni. Wallahi ban sani ba."

Kafin a rufe asusun ta bar su suka ɗauki hoton da waya. Suka kai wa Inna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta yi 'yar dariya.

"Ji yadda ta matse baki. Magana ce fal a ciki, an ce ta yi shiru a ɗauka."

Ta miƙa wa Yaya wayar ta shige ɗaki, ranar ba ta ci abincin rana ba. Bayan sati ta sa aka wanko hoton aka sa masa gilashi, ta rataye shi a saman gadonta. Baƙi in sun shigo sukan ce, "Kai, Shiru ta yi kyau a nan." Wata rana Inna ta gyara musu, wata rana ta ƙyale su.