Keken Ɗinki a Motar Kwalliya

Mun tashi da asuba daga Stains, ko in ce niyyarmu ke nan, don har gari ya waye tas muna tsaye a gindin bene muna kallon kayan mutane. Ni da ƙanena ne, ɗan kawuna, haifaffen nan Faransa. Lyon muka nufa, wajen taron masu gyara mota don kwalliya. Na bi shi ne in karɓe shi tuƙi idan ya gaji, kuma don ina son motar, ba zan ɓoye muku ba.

Tsohuwar motar Jamus ce ya saya duk ta gaji, ya yi kusan shekara biyu yana ɗawainiya da ita da abin da yake samu a aikin sito. Ya sauke ta ƙasa har cikinta ya kusa shafar kwalta, ya sa mata tayoyi masu faɗi, aka fesa mata kore mai duhu kamar miyar kuka. Tsakanin taya da ƙarfen da ke samanta ɗan yatsa kaɗai ke shiga, kuma a wajen masu wannan harka, wannan ɗan tsakanin shi ne kyan mota. Masu taron da hoto suke zaɓe: motocin da suka fi kyau a shigar da su babban zaure, saura su tsaya a fili. Bana aka zaɓi tasa ta shiga ciki, karo na farko. Ranar da amsar ta zo, da ya kira ni har in-ina yake yi.

Kuskurensa ɗaya, ya faɗa a gida. Tanti, mahaifiyarsa, ta faɗa wa maƙwabciya, kawu ya faɗa a masallaci bayan Juma'a, kun kuwa san mutanenmu, da an ji za ka wani gari ka zama gidan waya. Muna saukowa muka tarar da buhun shinkafa, sai ka ce a Lyon ba a sayar da ita, da jarkar man gyaɗa, da kwalayen garin gero da kilishi da aka kawo daga Maradi, da akwatin wani ɗalibi. A saman su duka ga keken ɗinki na baƙin ƙarfe, irin na da, wanda wata Hajiya ta hawa na uku ke aika wa 'yarta.

"Baba, motar ba ta ɗaukar nauyi," in ji yaron. "Ça va frotter, taya za ta ci fenti."

"Mota ce ko faranti?" Kawu ya nuna sama da carbinsa. "Ga Hajiya can a taga. Tahi ka gaya mata da bakinka motarka ta fi ƙarfin kekenta."

Na buɗe baki, kawu ya ɗaga mini hannu. "Ke ɗiyata, ba da ke nike ba."

Yaron ya kalli taga, Hajiya ta ɗaga masa hannu tana sa albarka. Ya sunkuya ya fara loda. Abin da ya ƙona mini rai, mutanen nan su ne suka shekara suna kiran motar nan kunkuru, suna cewa yaron Alhaji ya sayi mota ya karya mata ƙafafu. Yau da buƙatarsu ta taso, kunkurun ya zama babbar mota.

Fita daga unguwar kanta aiki ne. Titunan Stains cike suke da tudun rage gudu, abin da ake kira dos d'âne, kuma ko ba kaya a karkace yake hawa su, a hankali. Yau kuwa a kowane tudu sai na fita na taka da ƙafa don a rage nauyi, ni da zanena ina tafe gefen mota kamar mai rakiyar amarya, wata bas a bayanmu tana ta danna oda. A Porte de la Chapelle masu kasa kaya a bakin titi suka bi mu da kallo, wani ya ɗaga mana babban yatsa. Shi kaɗai ya yaba mana a duk safiyar.

Da muka hau babbar hanyar A6 hanya ta yi sumul, amma ko hanya mai kyau tana da ɗan gangare, kuma duk inda motar ta ɗan dusa sai mu ji "ƙurrr" daga baya, warin roba ya shigo. Duk "ƙurrr" ɗaya sai in ga muƙamuƙin yaron ya motsa. Ya rage gudu, manyan motocin kaya suna wuce mu. Gonaki kore shar, shanu farare manya-manya suna kiwo ba makiyayi, amma ban iya jin daɗin kallo ba.

Kusa da Auxerre muka tsaya a wurin hutawa. Na sayi kofi biyu a kuɗin da zai ciyar da mutum rana guda a Damagaram, ruwan zafi ne kawai mai launi. Da na dawo na same shi durƙushe a bayan mota. Fentin da ke bakin ƙarfen saman taya ya ɗaye, ɓangare biyu, ƙarfe ya fito fari, gefensa ya yi baƙi da ƙunar roba. Ana iya ƙara wa motar tsayi da sifana, amma sai an sa jak an ɗaga ta, jak kuwa ba ya shiga ƙarƙashinta da wannan nauyi, in kuma aka tsaya sauke kaya da kwance tayoyi za a rufe ƙofar zaure kafin mu isa. Sai muka dawo da keken ɗinki gaba. A kan cinyata ya yi sauran tafiyar, ƙafafuna kan jarkar mai. Burodi da ƙwan da Tanti ta ƙunsa mana, a kan keken Hajiya na ci nawa.

Daga Beaune muka fara haɗuwa da 'yan uwan tafiya, kuma nan na ɗan saki rai. Kowa da irin haukarsa. Akwai masu jakar iska maimakon sifirin, mota na tafe daidai, da an tsaya a wurin biyan kuɗin hanya a danna maɓalli ta yi "fusss" ta kwanta kamar raƙumi. Ƙanena yana cewa wannan ha'inci ne, mota in ta sauka ta zauna a sauke, a sha wuyarta tare. Su kuma suna ce wa irinsa masu azabtar da kai. Akwai masu karkata tayoyi har gindinsu ya baje waje, abin da ni har yau idona bai karɓa ba. Akwai wani dattijo Bature da 'yar tsohuwar motarsa da ya bar tsatsa ta ci da gangan, ya shafe tsatsar da man ƙyalli. Kowa na ganin nasa ya fi, suna tsokanar juna, amma duk wanda ya wuce mu sai ya kunna fitila ya gaishe mu. Na tuna shaddar kawu da ake aikawa har gida a buga ta da sanda don ta yi ƙyalli, da lallen da nake zama rabin yini ana zana mini. Ba wanda ya taɓa ce mana mun yi asara. To me ya sa kwalliyar yaron nan kaɗai ce hauka?

Shirinmu mu sauke kaya a cikin gari kafin mu je taro. Tun daga Mâcon nake kiran masu saƙo. Ɗalibin bai ɗauka ba. Mai shinkafa ya ce yana wurin aiki sai la'asar. 'Yar Hajiya ta ce mu kawo mata gida a Vénissieux, hawa na biyar, na'urar hawan bene ta lalace. Ramin Fourvière kuma, wanda motoci ke ratsawa su shiga gari, ya cushe kamar kullum. Haka muka wuce wurin taron da kayanmu.

A bakin ƙofa wani matashi mai rigar masu taro ya leƙa ta taga, ya ga buhu da jarka, ya ce masu sayar da abinci ta ƙofar baya suke shiga. Ƙanena ya nuna masa gayyatarsa a waya. Matashin ya ba da haƙuri, ya zagaya motar, ya tsuguna a bayanta ya daɗe. Ya miƙe ya ce motar da suka zaɓa a hoto ba ta da wannan rauni, kuma zaure na motocin da ba su da tabo ne. Ya nuna mana fili. Ba zan ce ya yi zalunci ba, ƙa'idarsu ce, kuma ba shi ya loda mana buhu ba.

A filin muka yini, kusa da dattijon nan mai tsatsa, wanda ya ba mu kujera ya kuma ci kilishin mutane da izinina. Ƙanena ya goge motarsa tsaf kamar tana cikin zaure. Mutane sun tsaya, sun ɗauki hoto daga gaba, wasu sun tambaye shi launin. Sau ɗaya ya shiga zauren, bai daɗe ba ya fito. Ya ce akwai wuri guda da ba kowa tsakanin wata ja da wata fara, wurin da aka ware wa tasa.

Bayan la'asar masu saƙo suka fara zuwa, kowa ya ɗauki nasa, motar tana ɗagowa kaɗan-kaɗan. Mai man gyaɗa ya ce jarkar ta lotsa. Ba wanda ya kalli bayan motar. Ƙarshe 'yar Hajiya ta iso da mijinta, yana rungume da wata babbar tukunya cike da kwanuka.

Ta ce masa, "Petit frère, ƙanena, sannu da hanya. Tunda fanko za ku koma, ga wannan ka kai wa Mama."

Na ɗaura niyyar yin rashin kunya, amma ya riga ni. Da Hausarsa mai tsami ya ce, "Anti, ki yi haƙuri. Ba ni ɗauka." Ta yi dariya tana jiran ya ce wasa yake. Ya rufe bayan motar ya sa makulli a aljihu.

Mun kwana gidan wata ƙawata a Villeurbanne, da safe muka kamo hanya. Ni na yi tuƙi, kuma sai a ranar na san daɗin motar nan, tana manne da kwalta a kwana kamar an ɗinke ta, ba ƙara ko ɗaya. Mun iso Stains da la'asar muka tarar labarin tukunya ya riga mu. Kawu na tsaye a gindin bene, ya ce an kunyata shi a gaban Hajiya. Na roƙe shi ya zo ya duba kafin ya yi faɗa. Ya zo, ya sunkuya, ya shafa wurin da yatsa.

"Wannan ɗan ƙarzanen ne kuke ta hayaniya a kai?"

"Shi ne, Baba," in ji yaron, ya ɗauki jakarsa ya hau sama.

Abin da na koya a tafiyar nan ba daɗi gare shi. Baƙin da ba su san mu ba sun ga abin da yaronmu ya yi da hannunsa sun girmama, har wanda ya hana shi shiga sai da ya tsuguna ya duba da kyau. Mu na gida, da muke kukan 'ya'yanmu na nan ba sa gaya mana komai, mu ne muka koya masa ribar yin shiru. Cikin makon ya ɗauke motar ya kai garejin wani abokinsa a wata unguwa, bai faɗa wa kowa a gidan ba. Jiya kawu ya kira ni, akwai akwatunan wani baƙo da za a kai filin jirgi, yana tambaya ko na san inda motar take. Na sani sarai. Na ce masa, "Kawu, sai dai ka tambayi mai ita."