Yaɓen da Na Hana

A makarantar mishan aka horar da ni, inda malamin lissafi yake bugun bayan hannu da gefen rula idan layi ya kauce. Ni ɗan gidan malamai ne, kuma mahaifina ya kai ni can ne bisa tilas, amma na fito da aƙida guda wadda ba ta taɓa barina ba: aikin da ba a auna ba, ba aiki ba ne. Da ita na yi dukan shekaruna ina zanen gine-gine a Sakkwato. Da aka yanke mana jihar Zamfara sai na ajiye aiki, na koma Ƙauran Namoda na zauna.

A lokacin nan wasu daga cikinmu masu zanen gini suka haɗa kai don ceton tsofaffin gine-ginen ƙasa, aikin sa kai, ba wanda ya aike mu. Aka raba yankuna, ni na ɗauki arewacin jihar. Ina da dalilina. A wani gari cikin ƙasar Zurmi akwai zauren da kakana ya yi alƙalanci a ciki. Ginin tubali ne mai kaurin bango, rufinsa na azara, yana zaune a kan bakuna huɗu, wato ginshiƙan ƙasa masu lanƙwasa, da suka haɗu a tsakiya. A bangon gabas akwai zanen da maginin farko ya yi da yatsunsa tun ƙasa tana ɗanya. Ko a tsakiyar bazara, mutum ya shiga sai ya ji sanyi ya sauko masa a kafaɗa.

Da aka ƙaddamar da shari'a, mutanen garin suka ce lalle sabon alƙali ya zauna inda na dā ya zauna. Aka kafa kwamiti, aka ba ɗan yayata shugabanci, mutum mai kuzari da gaggawa. Shi ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni.

"Kawu, zauren nan naka ne kafin ya zama namu. Ka faɗa mana yadda za a gyara shi. Abu ɗaya muke roƙo, kafin ruwa ya sauka alƙali ya shiga."

Na ce masa na ji. An gama kaka ke nan, rani duka yana gabanmu.

Ranar da na fara zuwa da tef ɗin awo da allon zane, na tarar da sarkin maginan garin zaune a gindin bango. Ya girme ni da kaɗan, kuma kakansa ne ya ɗora bakunan nan. Ya bar ni na gama kewaya ginin, sannan ya yi magana.

"Injiniya, wanga gini ba ciwo gare shi ba, yunwa ce. Shekara huɗu ba a yi mai yaɓe ba. Na jiƙa ɓawon ɗorawa, ƙasa na nan a kwaɓe. In an yi gayya, kwana bakwai mun gama, mu shafe shi da makuba, mu gyara indararo. Shi ke nan."

Al'adar garin ke nan tun zamanin kakana. Bayan kowace kaka, kowane gida yakan ba da mutum guda, a yi wa zauren sabon yaɓe da hannu, mata su kawo fura. Na san wannan sarai. Amma na dubi zanen bangon gabas, na ga tafin hannun mutum arba'in zai bi ta kansa, sai na ce ba wanda zai taɓa ginin sai na auna shi duka na sa a takarda.

"Sarki, abin da ka rufe da ƙasa ya tafi ke nan. A bari in kama shi tukuna."

"Mi za ka kama? Zanen da kake gani, ni na bi sawunshi da yatsana sau ashirin, ubana ya bi kafin ni. Kana tsammanin hannun kakana ne kake kallo? Hannunmu ne duka."

"To shi ya sa ya karkace," na ce.

Ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Har yau ina jin nauyin wannan kalma, domin ban faɗe ta don gaskiya ce ba. Na faɗe ta ne don in rufe masa baki.

Na yi wata biyu ina awo. Ginin ƙasa ba ya da kusurwa madaidaiciya ko guda, ni kuwa ba a koya mini rubuta "kimanin" ba. Bakan kudu ya ba ni awo biyu mabambanta a rana biyu, bambancin bai kai faɗin yatsa ba, na soke shafin na sake. Na tafi Shinkafi don in kwatanta da wani soro mai irin wannan ɗauri, na yi mako biyu a can. Na dawo Ƙaura na zauna ina mayar da zanen fensir zuwa tawada. Sau biyu ɗan yayata ya aiko a tambaye ni, sau biyu na ce a gaya masa aikin kirki ba ya son gaggawa. Ƙasar da sarkin magina ya kwaɓa ta bushe a inda take, awaki suna hawa kanta.

Ranar da na koma garin da zanena a naɗe cikin kwali, hadari ya riga ya fara haɗuwa ta gabas. Tun daga bakin kasuwa na hangi hasken kwano. Sun ɗora rufin kwano a kan soron, sun shafe bangon ciki da waje da siminti, sun yi masa fenti fari da kore. Bangon gabas ya zama sumul kamar na asibiti.

Ɗan yayata ya fito yana murmushi, yana jiran yabo.

"Wa ya ba ku wannan shawara?" na tambaye shi.

"Kawu, mun jira ka har muka gaji. Kuma jama'a sun ce ɗakin shari'ar Allah bai kamata ya zauna da yaɓen ƙasa kamar rumbu ba. Siminti ai daraja ce."

"Bangon ƙasa yana shan ruwa ta gindi, yana fitar da shi ta jiki. Kun toshe masa jiki. Zai ruɓe daga ciki, ba kuwa za ku gani ba sai ya faɗi."

Wani dattijo cikin kwamitin ya yi dariya ya ce, "Ka ji ɗan mishan. Yana so alƙalinmu shi zauna cikin ƙasa don Turawa su zo su ɗauki hoto."

Shekara sittin ina salla a sahu ɗaya da irinsu, amma kalmar tana nan a ajiye, ana jiran ranarta. Na nemi sarkin magina, aka ce ya ƙi sa hannu a aikin, yana gida. Na je na same shi yana gyaran dangar gidansa.

"Sarki, me ya sa ba ka hana su ba?"

"Da wane baki, Injiniya? Na ce a yi yaɓe, mai ilimi ya ce a'a. Da suka zo da siminti na ce a'a, suka ce ai mai ilimi ma bai yarda da aikina ba. Kai ka ba su sandar."

Damina ta farko ginin ya yi kyau, har aka riƙa yi mini ba'a a kasuwar Moriki. A ta biyu simintin ya fara tsagewa ta ƙasa. Sarkin magina ya ja ni ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa, ya yi ƙara kamar ganga, alamar ƙasar da ke ciki ta rabu da shi. Na rubuta wa kwamiti takarda mai shafi uku, aka karɓa da ladabi, aka sa mai siminti ya toshe tsagar. Alƙali dai mutum ne mai hankali, ya mayar da zamansa wani aji na makarantar firamare. A damina ta uku, wata ranar Laraba da hantsi, bayan ruwan kwana biyu, bangon kudu ya zauna, bakuna huɗun suka biyo shi. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi.

Bayan an kwashe ɓaraguzan, na ɗauki zanena na kai wa sarkin magina. Na shimfiɗa masa shafi goma sha takwas a kan tabarma, na ce ga kowane baka, ga kowace azara, ba abin da ya ɓace, za a iya mayar da shi yadda yake. Ya daɗe yana duban takardun, ɗaya ma a juye ya riƙe ta.

"Aikinka ya yi kyau," ya ce. "Amma ni ban iya karatun wanga ba, waɗanda suka iya karatunshi ba su iya ɗaurin baka ba. 'Ya'yana duk bulo suke bugawa a Gusau. Ga hannuwana kuma, duba."

Ya miƙo su. Yatsun duk sun ƙage. A shekarar da na hana shi yaɓe, da sauran ƙarfi a cikinsu.

A filin yanzu akwai ɗaki na bulo mai taga biyu, wanda ba ya zaunuwa da rana. Ɗan yayata yana zuwa gaishe ni kowace salla, ba ma tayar da maganar. Na fita daga ƙungiyar masu sa kai a shekarar, ban ba su dalili ba. Zanen yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakina. Na sake duba shi sau da yawa, ban sami kuskure ko ɗaya a ciki ba. Bayan kowace kaka nakan fito da shi, in shanya shafukan a inuwa saboda gara, in mayar.