Kogin da Baba Ya Samo wa Kaka

Shekaranjiya ina shanya a saman benen gidan da nake aiki, iskar arewa ta taso ta cika wani zanen gado, ya buga fat. Sai na tsaya da kwandon wanki a hannu. Haka ƙyallen jirginmu yake bugawa idan iska ta same shi. Kada ka yi mamaki don na ce jirginmu. Ni da kake gani ina wanke tukwanen mutane, na taɓa zama a kan ruwa tsawon wani yanayi guda, ina yarinya.

A unguwar Ruwais ta Jidda aka haife ni, a ɗakin langa-langa da katako. Wata shekara da sanyi aka yi ruwan sama irin na Jidda, wanda ba ya zuwa sai da ɓarna, ya tafi da ɗakin. Babana a lokacin yaron jirgi ne wurin wani dattijo mai kamun kifi. Dattijon ya sayi jirgi mai inji, sai ya ce mu fake a tsohon sambuk ɗinsa kafin ya sami mai saye. Sambuk jirgin katako ne wanda iska ke turawa da babban ƙyalle. Muka kwashe abin da ruwa ya bari muka shiga, ni da Baba da Inna da Kaka, mahaifin Baba.

Zaman jirgi ba daɗi gare shi ba. Komai ɗanɗanon gishiri yake yi, har bargo. Katakon yana warin man kifin da ake shafa masa. Inna tana girki a kan risho cikin wani akwati don kada iska ta kashe wutar, ruwan sha kuwa a jarka Baba ke ɗauko shi a kafaɗa. Ban taɓa ganin ta miƙe ƙafa sosai a wurin nan ba.

Kaka masunci ne daga ƙasar Yawuri. Da ƙafa ya zo aikin Hajji yana saurayi, bai kuma koma ba. Tun da ɗakinmu ya rushe ya daina cin abin kirki. Yini yake yi a jingine da buhun taru, ba ya ko kallon teku. Idan ya yi magana, to ta kogin garinsu ce: giwan ruwa, dorina, da yadda mutum ke duƙawa daga cikin kwalekwale ya sha ya ƙoshi.

"Wannan ruwan naku," yakan ce mini, "ga yawa ga rowa."

Da sanyi ya janye, zafi bai kankama ba, lokacin da Larabawa ke kira rabi'i, Baba ya durƙusa gabansa wata safiya ya ce, "Baba, akwai wani ruwa arewa da gari da ya kutsa cikin ƙasa. Masunta na cewa kamar kogi yake. Mai jirgi ya ba ni izini."

Inna ta ce, "Malam, da tsoho marar lafiya? Ruwan shanmu fa?"

Kaka ya ɗago kai. "Ki cika jarka, 'yar nan. Yalla, mu tafi."

Muka bi gefen gaɓa iska na tura mu, har muka shiga bakin ruwan. Nan da nan jijjigar teku ta kwanta. Gaɓa ta matso dama da hagu, ga ciyawa ta tsiro jefi-jefi saboda ruwan da aka yi, abin da ban taɓa gani ba. Kaka ya sa aka zaunar da shi a goshin jirgi. Ya ɗaura wa gwangwani igiya ya ba ni.

"Amarya, ɗebo mini." Haka yake tsokanata.

Na ɗebo, ya taɓa a harshe, ya tofar. "Da saura. Mu ƙara gaba."

Ba mu yi sauri ba, don iskar ba kullum take ba da haɗin kai ba. Wani wurin mu yini, Baba ya jefa tarun birgi, Inna ta soya abin da ya kamo. Wata makiyayiya mai raƙuma ta hango mu daga tudu, ta kawo mana nono a kwano, ta tsaya tana kallon tukunyarmu da tabarmin sallarmu a cikin jirgi. Kaka ya shanye nonon tas. Rannan har ya ci kifi da shinkafa, Inna ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi.

Wata rana da hantsi wasu manyan tsuntsaye suka wuce ta samanmu, sun nufi arewa. Kaka ya kare ido da tafin hannu ya ce dangin shamuwa ne, daga wajen Yawuri suka taso. Ya ɗaga murya ya ce musu, "Yaya kuka baro mutan gida?" Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Da ruwan ya ƙara tsukewa, iska ta ɗauke gaba ɗaya. Baba ya naɗe ƙyalle ya ɗauki gora yana dogarawa. Kaka ya kalle shi, ya kalle shi, ya ce, "Kai, ɗan birni, ba haka ake yi ba." Mutumin da sai an riƙe shi yake alwala, sai ga shi tsaye, ya karɓi gorar, ya kafa ta, ya jingina ƙirji. Jirgin nan mai nauyi ya motsa. Bai daɗe ba numfashi ya gagare shi, Baba ya tare shi ya zaunar. Amma na ga haƙoransa a waje.

Daga nan ba mu yi nisa ba sai ƙasan jirgi ya gogi laka, muka tsaya cak. Gabanmu babu komai sai fili fari fat da gishiri ya bushe a kai. Ruwan ya ƙare. Na ɗebo na ƙarshe ba tare da an ce mini ba, na fara taɓawa da kaina. Ya fi na teku ɗaci.

Baba ya zauna ya sunkuyar da kai. "Baba, na ɗauka ko a can ƙarshe..."

"Halas, shi ke nan," in ji Kaka. "Tun daga baki na gane. Kogi gangarowa yake yi, yana da inda ya fito. Wannan teku ne ya miƙe ƙafa." Ya dafa kan Baba kamar ƙaramin yaro. "Amma na riƙe gora. Allah ya yi maka albarka. 'Yar nan, ɗora mana shayi."

Sai da Baba ya shiga laka har ƙugu yana turawa, ni da Inna muna ja da gora, kafin jirgin ya saki. Komowar ta fi tafiyar wuya, ga jarka ta kusa ƙarewa, ga zafi ya fara. Kaka bai kai Hajjin shekarar ba. Bayan rasuwarsa aka sayar da sambuk, muka kama ɗaki a unguwar Ammariyya, Baba ya koma dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ƙi.

Yau gaɓar ruwan nan duk katanga ce da gidajen hutu. Ni kuma har gobe ban taɓa ganin kogi da idona ba, takarduna ba sa kai ni ko'ina. 'Ya'yana suna jin Hausa, amma da Larabci suke ba ni amsa. Bara babban ya matsa sai ya kai ni yawo a jirgi mai inji, irin na 'yan shaƙatawa. Kafin tukunyar shinkafa ta nuna mun je ƙarshe mun juyo. Yana ta tambayata, "Ummi, fen? A ina kuka tsaya?" Na duba dama, na duba hagu, ban gane ko taku ɗaya ba. Na nuna masa wata katanga don ya ji daɗi, ya ɗauki hotonta. Sannan na ce ya mai da ni gida, ƙafafuna sun kumbura, gobe kuma da aiki.