Bawa Mai Fito Bai Iya Tsayawa Ba

A gidanmu na bakin ruwa, ƙasa da Shanga kaɗan, a gindin bandar kifi muke shan tatsuniya. Da an idar da magariba, kakata Hajjo za ta zauna tana juya tarwaɗa a kan wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai matsawa.

"Ga ta nan tahe cikin kwalekwale," in ji ta.

"Ta iso mu ɗaure ta!"

Wadda na fi so ita ce ta Bawa mai fito. Ubangidansa ya koya masa aiki dalla-dalla: in fasinja ya ce Yelwa, bi nan, in ya ce Wara, bi can, in ya ce Kainji, miƙe sosai. Saura darasin tsayawa sai aka kira ubangidan ya je cin tuwo, bai sake komawa kan maganar ba.

Rannan wata mata, Kulu, ta shigo jirgin da kwandon ɗanyen kifi, kamun mijinta na safiya, tana sauri ta kai kasuwar Yelwa kafin rana ta ɓata shi. Bawa ya kama hanya daidai. Ga Yelwa, ga masu saye suna ɗaga hannu, sai ya wuce su fuu.

A nan Hajjo kan maƙe murya: "Kai Bawa, mi niy yi maka? Ga Yelwa can baya!" Sai kuma ta kumbura kumatu: "Inna, ni hanya ɗai anka koya man. Ba a ce man in tsaya ba."

Mu ko har birgima muke. Suka wuce Wara da rakiyar ƙudaje. Kafin su kai Kainji, kifin ya yi warin da ko kyanwa ba ta kusantarsa. "Ƙurunƙus kan tarwaɗa, ku tashi ku ba ni wuri."

Bayan shekaru, Hajjo ta riga mu gidan gaskiya, na shiga wani ɗan ajin kwamfuta a Yelwa. Malam ya koya mana switch: ka jera zaɓi, mutum ya danna lamba, kwamfuta ta tafi kan abin da ya zaɓa. Ƙarshen kowane zaɓi sai ka rubuta break, wato tsaya nan. Na tsara nawa ina ji da kaina: ɗaya tarwaɗa, biyu karfasa, uku giwan ruwa. Break kuwa ko guda ban sa ba.

Malam ya danna ɗaya a gaban kowa. Tarwaɗa ta fito, karfasa ta biyo ta, giwan ruwa ya rufa musu baya. Malam ya juyo ya dube ni.

"Malam Sani, kifi ɗaya na tambaya, ka juye mini kogin duka?"

Aji ya fashe da dariya. Tawa ta fi ta kowa, don na gane mutumina Bawa, sai kuma na tuna da tsohuwar.

Da ina yaro Bawa kawai nake gani a labarin. Yanzu Kulu ce ke tsaya mini a rai. Duk wanda ya danna lamba a abin da na rubuta, ya shigo jirgina ne da kwandonsa, kuma ba lalle ya iya iyo ba.